Gashin cutar daji da hasken leza

Edita,

Assalamu alaikum. A 2022 masana a Dresden ta Jamus suka bayyana cewa sun gasa ƙarin daji a jikin ɓeraye da furoton, wato wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke cikin ƙwayar zarra, waɗanda hasken leza (haske mai tsananin ƙarfi da aka tattara wuri guda) ya harba. Furoton kan sauke ƙarfinsa a kan ƙarin ne, ba ya zarcewa ya ƙona lafiyayyen naman da ke bayansa. Injinan harba furoton na yanzu gini guda suke cinyewa, ga ɗan karen tsada. Ana fatan leza ta rage girmansu. Sai dai fa ɓera ne tukuna, ba mutum ba.

Bara na raka innata Sakkwato gashi, tabarma da fulas a hannu, kuɗin mota ya cinye buhunan shinkafarmu. Kafin leza ta iso, hukumomi su kawo mana injin gashi na gama-gari kusa.

Naku,
Wani manomi daga Argungu, Jihar Kebbi