A Fara Gyaran 'Yan Sanda Daga Caji Ofis

Ya Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar kafa 'yan sandan jihohi, matakin da ake ganin zai magance ƙwacen waya da faɗan daba a manyan birane irin su Kano.

A ganina, matsalar tana kan kantar caji ofis. An rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi da makami, a watan Oktoba 2020, amma har gobe ana kama uba a madadin ɗansa, ana karɓar kuɗin beli a ƙarƙashin allon da ya ce beli kyauta ne. Wanda aka ƙwace wa waya kuwa, idan ya san za a ce ya kawo kuɗin mai da na takarda, sai ya bar wa Allah. Shi ya sa alƙaluman laifuka ba sa nuna ainihin abin da ke faruwa a unguwanni.

Doka tana nan. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu na da nisa. Sashe na 34 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya wajabta wa alƙalin majistare ziyartar caji ofis duk wata, ya duba littafin tsare mutane, ya ba da beli inda ya dace.

Ina kira ga manyan alƙalan jihohi su tabbatar ana wannan ziyara, su kuma riƙa wallafa sakamakonta: mutum nawa aka tarar, kwana nawa suka yi, wane jami'i ya tsare su.

Naka,
Mai karatu daga Kano