Wasiƙa: An bar jaki ana dukan taiki a maganar sinte da kiɗan gargajiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan sharhin da kuka buga a shafin al'adu, inda marubucin ya ce na'urorin kiɗa na zamani ne suka kashe kalangu da goge da gurmi, kuma duk yaron da ya rungumi sinte, wato na'urar da ke haɗa sautin kiɗa da wutar lantarki, ya yi ban kwana da gadon gidansu. Ciwon da yake ji ni ma ina jin sa. Ka je biki a Bukoki, ka je wani a Talaje, ka saurari kaset ɗin da aka yo a Maraɗi ko Kano, duk murya ɗaya ce, ganga ɗaya, sarewar ƙarya ɗaya. Wannan gaskiya ne. Inda muka rabu da shi shi ne wurin ɗora laifi.

Ni ba makaɗi ba ne, mai gyara ne. Amfilifaya da miksa da lasifika da fiyanon 'yan biki, su nake buɗewa kullum a rumfata kusa da kasuwar Katako, don haka abin da ke cikinsu na san shi. Fiyanon da ake saye a kanti an raba masa kowane oktaf, wato tazarar da ke tsakanin murya da takwararta ta sama, gida goma sha biyu daidai wa daida, an zuba masa muryoyin da kamfani ya zaɓa, an haɗa masa kiɗan da za ka latsa maɓalli ya taso da kansa. Mutum dubu su saya, abu ɗaya za su samu. Shi kuwa kalangu ba tsalle yake yi daga murya zuwa murya ba, zamewa yake yi, domin makaɗi yana matsa tsarkiya da hammata yana saki. Mai goge ma haka yatsansa ke tafiya a kan izga, ba wanda ya shata masa inda zai tsaya. To wannan rabon gida goma sha biyu shawarar masu ƙera fiyano ce, ba hukuncin kuran ba ne. Kuran ba ruwansa da maɓalli fari ko baƙi.

Kafin in je nesa ma, marubucin ya manta da Mamman Sani. Duk wanda ya girma yana sauraron rediyon ƙasa ko kallon Tele Sahel ya san wannan kiɗan orga da aka riƙa sakawa tsakanin shiri da shiri. Da orga ƙirar Italiya mai suna Orla ya yi shi, kaset ɗinsa ya fito a 1978, kuma da yawan abin da yake kaɗawa daga waƙoƙin gargajiyar ƙasar nan ya ɗebo su. A 2013 wani kamfanin faifai na Amurka ya sake fitar da aikin, Turawa suka yi ta mamaki. Na'ura ce a gabansa, amma ba wanda zai ji ya ce ba ɗan Nijar ne ke kaɗawa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne wani nau'in sinte da ban taɓa ganin jaridarmu ta ambata ba, wanda ake kira modula. Ba a sayar da shi a dunƙule. Gutsi-gutsi ne, kowane da aikinsa guda, kai za ka jera su cikin akwati ka haɗa su da gajerun wayoyi ta gaba yadda ranka ya so. Idan fiyanon kanti riga ce ɗinkakkiya, wannan yadi ne da almakashi. Robert Moog ya nuna nasa a Amurka a 1964, kuma a daidai wannan lokaci Don Buchla yana ƙera nasa a Kalifoniya. Shi Buchla da gangan ya ƙi sa wa nasa maɓallan fiyano, sai faranti na taɓawa da yatsa, don kada na'urar ta koma bin sawun fiyano. Ashe damuwar marubucinku ta riga shi zuwa, kuma a wajen maƙeran na'urar kansu. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1990, wani Bajamushe Dieter Doepfer ya fito da ma'aunin da ake kira Eurorack, wanda yau ɗaruruwan kamfanoni ke bi: tsayin fuska ɗaya, ramin waya irin na abin sauraron salula mai milimita 3.5, da kuran bolt 12 sama da sifili da bolt 12 ƙasa da shi. Saboda haka guntun da aka ƙera a Faransa zai zauna gefen wanda aka ƙera a Latbiya su yi aiki tare.

Sirrin abin ɗaya ne: kuran ke juya kuran. Akwai guntu mai haifar da murya, VCO. Ka ƙara masa bolt ɗaya, muryar ta hau oktaf ɗaya. Maɓallin fiyano guda bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha biyu na bolt ba, wajen milibolt 83, amma ba abin da ya hana ka ba shi 50 ko 120, zai bi. Akwai filta mai tace muryar ta yi kauri ko ta yi siriri, akwai VCA mai buɗe ƙara da rufe ta, akwai wanda ke tsara yadda sauti zai taso da yadda zai mutu, ko farat ɗaya kamar bugun gula, ko a hankali kamar busar algaita. Sai LFO, wanda kaɗawarsa ta yi jinkirin da kunne ba ya ji, aikinsa ya riƙa murɗa wani guntun a madadin hannunka, muryar ta dinga rawa. Akwai kuma wani guntu da ake kira kwantaiza, mai tilasta wa kuran ya faɗa kan gidajen nan goma sha biyu. A fiyanon kanti wannan tilas a gine take ciki, a modula kuwa sai ka ga dama ka saka shi. A ganina nan ne dukan maganar take.

Bari in faɗi abin da muka yi a rumfa, don kada a ce labarin Turai nake kawowa. Akwai wani ɗan cif mai ƙafa goma sha huɗu, CD40106, wanda idan ka haɗa masa rezistans ɗaya mai rage ƙarfin kuran da kwandansata ɗaya mai tara kuran sai ya fara kuka. Rage rezistans, kukan ya hau. Mun ɗauki baƙin soson nan da ake soka ƙafafun cif a ciki idan an aiko da su, wanda kuran ke ratsa shi kaɗan-kaɗan, muka sa shi tsakanin farantan jan ƙarfe biyu, muka naɗe da tsohuwar robar tayar babur, muka jona shi a gurbin rezistans ɗin. Ka matsa, murya ta hau, ka saki, ta sauka. Yaron da ke koyon aiki a wajena shi ya ce, "Maigida, a sa shi a hammata mana." Akwai wani dattijo mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa, yakan zauna a inuwar rumfata idan rana ta take. Muka ɗaura masa, muka ba shi ɗan maɓallin bugawa a hannun dama. Da farko ya ɓata fuska, ya ce muryar kamar ta sauro. Muka bi da ita ta filta, muka gajarta wutsiyar sautin. Ya matsa, ya saki, ya sake matsawa, kafaɗarsa na motsi irin yadda ta saba, sai ga shi yana fitar da taken mahauta har wani mai tura kura ya tsaya yana dariya. Na ce, "Baba, ya ka ji?" Ya ce, "Ɗana, bakin ya iya magana, amma ba shi da ciki." Gaskiyarsa. Amon kango da fata ba a same shi ba, kuma ban ce za a same shi gobe ba. Amma abin da ya fito ɗin Hausa yake yi, da hawa da sauka irin na harshenmu, abin da fiyanon jika ɗari uku bai taɓa yi a gabana ba.

Sai maganar sikwensa, guntun da ke jera bugu ko muryoyi yana maimaitawa. Yawancin akwatunan ganga na kanti a kan taki goma sha shida aka gina su, tun zamanin Roland TR-808 na 1980, kuma kiɗanmu da yawa ba haka yake tafiya ba, uku ne ke hawa kan biyu. Shi ya sa idan aka tura kiɗan kokawa cikinsu yake fitowa a sandare. Da cif ɗin CD4017, mai ƙirga ɗaya zuwa goma, kai ke yanke yawan takin: ka ɗauko waya daga takin da kake so a tsaya ka kai ƙafa ta 15, sai ƙirgar ta koma farko. Ka sa biyu a kan agogo ɗaya, wato guntun da ke ba su lokacin bugu, wannan na bugawa duk bayan biyu, wancan duk bayan uku, ka ji abin ya fara rausaya. Kowane taki da abin murɗawarsa, sai ka saita muryar da kunne, ba da littafi ba.

Wani abin da ya ba ni dariya da haushi lokaci guda: a cikin guntayen da ake rububi a Turai akwai masu raba bugu da lissafin da suke dangantawa da Yuklid, masanin lissafi na tsohuwar Girka. Wani malamin jami'ar McGill ta Kanada, Godfried Toussaint, shi ya nuna a 2005 cewa idan ka baza bugu bakwai cikin gida goma sha biyu gwargwadon yadda za su bazu daidai, abin da zai fito shi ne kiɗan ƙararrawa na Gana da ƙasar Yarbawa. Yau ana sa wannan lissafi cikin guntu ana sayarwa da Yuro. Ban ce sata ba ce, aikin ilimi ne mai kyau. Amma lissafin yana ba ka inda bugu zai faɗi ne kawai, ba ya gaya maka inda makaɗi ke ɗan jinkirtawa don ɗan kokawa ya gama kirari. Wannan yana hannun mutanenmu, kuma ba wanda ya zo ya tambaye su.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Guntu ɗaya na Yuro 200 ya haura jika 131 na sefa, kafin kuɗin jirgi da na duwan, kuma guntu ɗaya ba ya kiɗa, sai ka tara biyar ko shida da akwati da gidan wuta. Ga zafi. Mai haifar da murya irin na analog yana kaucewa idan zafi ya canza, shi ya sa ake sa masa rezistans na musamman mai rama zafin, amma wanda aka gwada a ɗaki mai sanyi a Jamus bai san watan Afrilu na Yamai ba, lokacin da awo ke wuce 40 a inuwa. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ramukan waya da abin murɗawa har su dinga ƙarƙara. Ga ɗaukewar kuran, ko da yake wannan da sauƙi: batirin babur biyu a jere, ka ɗauki tsakiyarsu a matsayin sifili, ka sami sama da ƙasa.

Sai dai ba dole sai an saya ba. Akwai VCV Rack, wanda ya fito a 2017, kyauta ne, yana kawo akwatin modula da wayoyinsa a fuskar kwamfuta, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukar ƙaramin haɗi. Kamfanin Mutable Instruments na Faransa, na Émilie Gillet, ya saki zanen guntayensa da lissafin cikinsu ga kowa, kuma ko da ya daina aiki a 2022 zanen na nan a intanet. Cif irin su TL072 kuwa, matattun miksa da amfilifaya cike suke da su, a Katako ana zubar da su ne. Yaran da ke canza gilashin salula a bakin kasuwa suna narka dalma a kan abin da ya fi wannan ƙanƙanta sau goma.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko ga cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya, wadda ke da tarin kayan kiɗan gargajiya a ajiye, da kuma gidan al'adu na Umaru Ganda: a buɗe ɗaki ɗaya, ko da sau ɗaya a mako, a haɗa masu koyon gyaran lantarki da makaɗa. Aikin farko ma ba ƙira ba ne, awo ne. A zaunar da mai gurmi da mai molo da mai algaita, a auna ainihin inda muryoyinsu ke tsayawa, a rubuta da lamba, ta Adar daban, ta Gobir daban, ta Damagaram daban idan sun bambanta. Wanda ke da wannan awon zai iya saita kowace na'ura ta bi shi, har fiyanon kanti masu barin a gyara musu murya. Masu wannan ilimin tsufa suke yi.

Na biyu gare ka ne, Malam Edita. Ka turo wakilinka rumfunan gyara ya ga abin da yara ke haɗawa, sannan ka ba marubucin sharhin dama ya zo ya sa soson nan a hammatarsa, in ya so ya rubuta abin da ya ji, ko yabo ko zagi. Idan kuma cikin masu karatu akwai ɗan kasuwar da ke zuwa Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, abin da ya fi yi mana wuyar samu shi ne abin murɗawa mai kyau mai rezistans kilo-om 100 da ramukan waya na milimita 3.5 masu goro. Na cikin tsofaffin rediyo duk sun cinye.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai gyaran kayan sauti,
kusa da kasuwar Katako, Yamai.