Askarawanmu na tsayawa a bakin iyaka, ɓarayin daji ba sa tsayawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin gwamnonin Arewa maso Yamma kan wani giɓi da ke cin rayukanmu a garuruwan da ke bakin iyakar jihohi.

Katsina ta ƙaddamar da dakarunta na tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a ƙarshen Janairun 2024, Sakkwato kuma ta biyo baya a shekarar. Wannan mataki ya dace, domin ɗan gari ne ya san ɓarauniyar hanya da mashayar da ake bi da shanun sata, shi ne kuma ke gane baƙuwar fuska ranar kasuwa. Sai dai kowace runduna ikonta na ƙarewa ne a iyakar jiharta, alhali dajin Rugu ya haɗa jiharmu ta Zamfara da Katsina, Kuyambana ya miƙa wajen Kebbi da Kaduna, Sububu kuma ya dangana da gabashin Sakkwato. Wanda ya yi ta'asa a ƙasar Tsafe da dare yana iya wayar gari a ƙasar Faskari ta jihar Katsina, inda askarin da ya biyo sawunsa ba shi da hurumin taka ƙafa.

Mun riga mun ga illar aikin kowa tasa ta fisshe shi. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin dabbobi, an hana sayar da fetur a jarka, sai ɓarayin suka kwarara maƙwabta, kuma a watan Oktoba suka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo ta jihar Sakkwato. A 2025 ma wasu ƙananan hukumomin Katsina, irin su Jibiya da Batsari, sun yi sulhu, yayin da gwamnatin Zamfara ta ce ba za ta zauna da 'yan bindiga ba. Ban ga laifin talakan da ke son ya koma gonarsa ba, amma ina tsoron sulhun da zai ba mutum wurin hutawa da cefane a can, ya zo ya yi ɓarna a nan.

A ganina, ya kamata jihohin nan su kafa ɗakin tattara bayanai guda, su kuma amince a rubuce cewa askarawa, bisa jagorancin sojoji ko 'yan sanda, za su iya bin sawu zuwa ƙetaren iyaka. Haka kuma a farfaɗo da tuntuɓa da hukumomin Maraɗi da Doso, wadda ta yi sanyi tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Sai batun jama'a. Ana yawan cewa mu kai rahoto, amma manomi ba zai buɗe baki ba muddin yana tsoron sunansa zai isa daji kafin ya iso gida. A samar da hanyar kai bayani a asirce, a hukunta masu kai wa ɓarayi labari a gaban kotu, kuma a sa arɗo-arɗo cikin kwamitocin tsaro tare da hakimai da limamai, domin Fulani makiyaya su ma an kwashe musu shanu, kuma kisan kan mai uwa da wabi da wasu 'yan sa-kai suka yi a baya ya taimaka wajen rura wannan wuta. Ina roƙon wakilanka su tambayi gwamnonin, a taronsu na gaba, ranar da za a soma sintirin haɗin gwiwa a hanyar Tsafe zuwa Funtuwa.

Naka,
Mai karatu daga Tsafe, Jihar Zamfara