Wasan maciji a Zariya: a bar mana macijin, a cire laƙanin

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sammin fili in yi kira ga malaman Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na tsangayar likitan dabbobi da ke Samaru, da kuma masu kula da makarantun firamare a Zariya da Sabon Gari da Giwa, akan wata magana da na san wasu za su ce lallai malam ya rasa abin rubutawa. Maganar maciji ce.

A Amurka da Turai akwai mutanen da ke kiwon maciji a gida, kuma wasunsu ba sa tsayawa nan, sukan ɗauke shi su kai makarantu da wuraren taro yara su gani su taɓa ana yi musu bayani. Wanda suka fi kaiwa wata 'yar ƙaramar mesa ce da ba ta da dafi, tsawonta da ƙyar yake wuce mita ɗaya da rabi, in ta tsorata ma ba sara take ba, dunƙulewa take ta cusa kai cikin jikinta. Abin dariyar, daga nan yankinmu ake kwasar ta, Togo da Benin da Gana, kuma akwai ta a Najeriya. Su suna koyar da 'ya'yansu da macijinmu alhali ba su ne maciji ke kashewa ba, mu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara da saran maciji, kuma a 2017 ta saka shi cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, yawancin mamatan kuwa manoma ne da makiyaya a Afirka da Asiya.

To mu ma ai muna da namu wasan macijin tun kaka da kakanni, wurin gardawa, kuma wallahi babu mai tara jama'a kamar su. Kwanaki na tsaya kan wani a bakin kasuwa, ya shimfiɗa buhu ya jera ƙulle-ƙullen gari a leda da guraye da layu, yaronsa na kiɗa, ya buɗe akwati ya zaro kumurci ya rataya a wuya, ya sa kan macijin a bakinsa, mata na salati 'yan acaɓa sun kashe mashin sun tsaya. Da ya ga fili ya cika sai ya shiga talla, wai duk wanda ya sha garin nan da nono ko kububuwa ya taka sai dai ta sunkuyar da kai. Na matsa kusa sosai na duba macijin, bakinsa duk ya kumbura ya yi miki, ko fasa kai ba ya iya yi da kyau. Sanannen abu ne da yawansu cire wa macijin fiƙa suke, wasu ma ɗinke bakin suke, to ina laƙani a nan? Amma dattijon da ke gefena, da ganinsa daga ƙauye ya shigo, ƙulli biyu ya saya ya soke a aljihu yana murna. Wannan bawan Allah ranar da abu ya same shi a gona ba asibiti zai nufa ba, garin zai jiƙa ya zauna jira.

Shi ya sa nake cewa kar a tsaya zagin gardawa, a karɓe filin kawai. Mutanenmu suna son kallon maciji, to a kawo musu shi a hannun wanda ya karance shi. A zo da mesar nan mai sanyin hali, yara su matso su ga cewa jikinta a bushe yake ba yauƙi kamar yadda suke zato, su ga harshen nan mai baki biyu da ake cewa da shi yake harbi ashe sansana iska yake da shi. Masu dafin kuma a zo da su a kwalba, matattu cikin ruwan magani, ko manyan hotuna, a nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ga kububuwa, 'yar gajeriya ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo, ba ta kai tsawon hannu ba sau da yawa amma ita ta fi kowane maciji kisa a arewacin ƙasar nan, in ta fusata nannaɗewa take tana goga ɓawon jikinta yana ƙara shuuu, wanda duk ya ji wannan a cikin karan dawa ya ja da baya. Dafinta hana jini daskarewa yake, mutum zai ga kamar ya ji sauƙi, kwana ɗaya biyu sai dasashi ya fara jini, fitsari jini, tsohon miki ya buɗe. Ga kasa, ƙatuwa mai nauyin jiki da ba ta gudu, kwanciya take a hanya sai ka taka ta. Ga gamsheƙa mai tsartuwa a ido, ita ce mai shigowa gida da dare bin ɓera da kwaɗi har ta sari mutum yana barci a tabarma. Ga damatsiri kore da muke bi da sanda muna ihu alhali ba ruwansa da kowa.

Sai kuma abin da za a yi in an yi saran, wanda ni a wurina shi ne ma dalilin taron gaba ɗaya. Kar a ɗaure ƙafa tamau da roba ko igiya, mutane da dama ɗaurin ne ya ja aka yanke musu ƙafa. Kar a tsaga da reza, kar a tsotsa, baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe komai. A cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wuri ya kumbura, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi sai asibiti inda ake da allurar kashe dafi. In gamsheƙa ce ta tofa a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take. Wannan bayanin minti goma ya ishe shi, amma in ka tara mutane ka ce lakca za a yi ba mai zuwa, in ka ce ga maciji kuwa har da masu goyo.

Kuma Edita abin da ke ƙona min rai, ilimin nan a garin nan aka haƙo wani sashe nasa. Farkon shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, wanda daga baya ya zama farfesa a Oxford, a ABU Zariya ya yi aiki, kuma binciken da suka yi kan saran kububuwa a arewacin Najeriya har yau ana amfani da shi. Gwajin nan mai sauƙi da ake ɗiban jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a bar shi minti 20, in bai daskare ba a san dafi ya shiga jini, a aikinsu aka bayyana shi. Ga asibitin Kaltungo a Gombe da ya shahara kan saran maciji, ga Farfesa Abdulrazaq Habib a Jami'ar Bayero da ya daɗe yana wannan fama. Amma manomin Shika ko Bomo da ke kallon katangar jami'a kullum, gardi ne malaminsa.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki: in yaro ya saba taɓa maciji a makaranta gobe sai ya kai hannu kan na bayan gida. Wannan ya rage ga mai koyarwa, dole ya maimaita musu har su haddace cewa wannan na hannuna ne kawai ake taɓawa, na daji ko matacce ne ba a ɗauka, a kira babba. A zo da ruwa da sabulu kowa ya wanke hannu bayan ya taɓa, don irin waɗannan dabbobin suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa. Yaron da ke jin tsoro kar a tilasta shi kar a yi masa dariya. Shi ma macijin a tausaya masa, ba a wuni ana miƙa shi hannu-hannu cikin rana. Kuma ni ban ce in gamsheƙa ta shigo ɗakin yara a tsaya yi mata sannu da zuwa ba, abin da nake cewa bin maciji cikin rami ko juji don a kashe shi yana cikin hanyoyin da ake samun sara, ga shi su ke rage mana ɓerayen da ke cinye hatsi a rumbu suna kawo zazzaɓin Lassa.

Ranar 19 ga Satumba ce ake wayar da kai kan saran maciji a duniya, kuma ta faɗo daidai, don daga shukar farko zuwa girbi ne aka fi sara. Ɗaliban da ke ajin ƙarshe su ɗauki ranar kasuwar Giwa da firamare biyu uku a fara da su, a nemi izinin hakimi da masu unguwa, a taho da ma'aikacin jinya da zai faɗa wa mutane takamaiman asibitin da ke da allurar da nawa ake sayar da ita. In an tashi a fara da tamu makarantar, ni zan shirya benci.

Wassalam, naka mai karatu kullum,
Wani malamin firamare, Tudun Wada, Zariya