Cokula huɗu a Girne da jiragenmu na Yauri

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da na gano a wata tafiya game da kare rayukan fasinjojin jiragen ruwa, domin tun da na dawo abin yake cina a rai, na kuma ga bai kamata ya tsaya a majalisarmu ta ƙofar gida ba.

Ni mutumin Yelwa ne ta Yauri, tsohon malamin firamare, a bakin Kwara aka yanke mini cibi. Autata ta gama karatun haɗa magunguna a arewacin tsibirin Kubrus, wanda 'yan boko ke ce wa Saifuros, a Tekun Bahar Rum. Yayyenta suka haɗa kuɗi suka ce in je bikin yaye su, in kuma huta kwana shida. Daga Abuja muka sauka Istambul, daga can muka shiga wani jirgin zuwa Erjan, filin jirgin saman arewacin tsibirin. Jirgin sama ba ya zuwa wannan ɓangaren sai ta Turkiyya, domin tun 1974 tsibirin ya rabu biyu, kuma ƙasar da mutanen arewa suka ayyana a 1983 Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita. Wannan rabuwar ce ta hana ni ziyartar kabarin Ummu Haram bintu Milhan, sahabiyar Manzon Allah (SAW), wanda ke Larnaka ta kudu. Fasfo irin nawa ba ya tsallaka shingen sai da bizar can. Abin ya yi mini ciwo, ga shi kusa, ga shi ba hali.

Garin da muka sauka sunansa Girne, Girkawa na ce masa Kirenya. Dutse a bayansa, teku a gabansa, tashar jiragen ruwansa ta lanƙwashe kamar lauje. Tsofaffin rumbunan da a da ake tara wani ɗan itace mai kama da ɗorawa duk sun koma gidajen abinci. Motoci a hannun hagu suke tafiya, yadda muke yi kafin 1972, su ma gadon Ingila ne. Ga wani tsohon masallaci na zamanin Usmaniyya taku kaɗan daga ruwa, a nan nake salla. Akwai abin da ban so ba, ba zan ɓoye ba: gidajen caca sun yi yawa, kuma da rana shigar masu wanka a bakin teku ba ta da kyan gani ga mai irin tarbiyyarmu. Shi ya sa yarinyar ke kai ni bayan asuba, lokacin rairayin babu kowa sai masu shara. Na shiga ruwan. Gishirinsa har yaji yake a ido, kuma yana ɗaga jiki fiye da namu. Ina tsaye ruwa iya ƙirji ina ganin yatsun ƙafata a ƙasa. Da safe suna gasa wani cuku da suke kira hellim, ɗan'uwan warar Fulani ne sai dai ya fi gishiri. Kifinsu kuwa, ko kusa bai kai ragon ruwanmu ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Rana ta uku muka biya kuɗi za mu zaga gaɓa a jirgin katako na masu yawon buɗe ido. Wani saurayi na tsaye a bakin katakon hawa da takarda a hannu, duk wanda zai shiga sai ya duba sunansa ya ja layi. Muna zaune sai ga wani mutum da matarsa a guje, kuɗi a hannu. Saurayin ya ce jirgi ya cika. Na duba, wallahi akwai wurin da mutum goma za su zauna su miƙe ƙafa. Na ce da yarinyar ta tambaye shi dalili. Ta dawo ta ce, "Baba, ya ce adadin da aka rubuta wa jirgin ke nan, rigunan ceton ma iyakarsu ke nan." Kafin a tayar da inji ya ɗaga murfin benci ya nuna mana rigunan, na manya daban, na yara daban. Ruwan nan kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma, babu iska, gaɓa na nan ana gani. Duk da haka ya mayar da kuɗin mutum biyu.

Washegari muka shiga ganuwar da ke bakin tashar. A wani ɗaki mai sanyi sun ajiye ƙashin wani jirgin fatake da ya nutse shekara wajen 2,300 da suka wuce, wanda wani mai nutso ya gano a 1965. Aka tsamo katakonsa ɗaya bayan ɗaya aka sake haɗawa, tsawonsa kamar mita 14. An samu tuluna kusan 400, da duwatsun niƙa, da dubban ƙwayoyin wani ɗan itace da ake kira almon da bawonsu. Abin da ya tsayar da ni shi ne kayan cin abinci. Kofuna huɗu, cokula huɗu, komai huɗu-huɗu. Da wannan masana suka ce mutum huɗu ne ke cikin jirgin.

Na daɗe a gaban gilashin nan, Wara nake tunawa. A watan Mayun 2021 jirgi ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Ina Yelwa lokacin, na ga yadda mutane suka yi cirko-cirko da wayoyi a kunne. Wannan ya ce mutum 160 ne a ciki, wancan ya ce sun kusa 200. Kwana da kwanaki Sarkawa na lalube, wanda aka tsamo a yi masa sutura, wanda ba a gani ba uwarsa ta ci gaba da kallon hanya. Mutanen jiya-jiya, masu suna da dangi, mun kasa sanin yawansu, ga waɗansu can sun ƙidaya matuƙan da suka mutu tun kafin zuwan Annabi Isa (AS).

Na san me za a ce, ajali ne. Na yi imani da ƙaddara, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Na kuma san halin da matuƙanmu ke ciki, da yawansu ɗalibaina ne. Man fetur ya yi tsada, in bai yi lodi ya danne ba ba zai mayar da kuɗin mai ba. Ranar kasuwa za ka ga buhunan masara, babura, awaki da mata masu goyo, bakin jirgi saura ɗan yatsa huɗu ya sha ruwa, ɗan kamasho yana ta kiran a ƙaro. Ga kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye tun 1968 suna nan a ƙarƙashi, da dare ba a ganinsu. Fasinja ma ba ya rasa laifi, na sha ganin an miƙa wa mutum rigar ceto ya ce zafi, ya mayar da ita matashi.

Roƙona ga sarakunan ruwa, da shugabannin ƙungiyar masu jirage, da iyayenmu hakimai na gaɓar Kwara daga Yauri har Ngaski, ba mai tsada ba ne. A rubuta wa kowane jirgi adadin mutanensa da fenti a jikinsa, inda kowa zai gani. A ajiye littafi a kowace tasha, a sa yaro ɗaya mai ilimi ya rubuta sunan duk wanda ya hau da garinsu, littafin ya zauna a tudu. In adadi ya cika a tashi, ko ɗan sarki ne ya zo a makare ya jira na gaba. Rigunan ceton da ake rabawa lokaci-lokaci a fito da su daga ɗaki a sa wa mutane, a fara da yara. Limamai su faɗa a huɗuba, domin maganarsu ta fi ta jami'i shiga kunne.

Ni dai na sayi manyan littattafan rajista guda biyu da biro kwali ɗaya, na kai wa shugaban matuƙa na tashar da ke kusa da gidana. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce zai shawarci 'yan'uwansa. Na gaya masa in ba su samu mai rubutu ba, ranar kasuwa ni zan zo da kujerata in zauna.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Yelwa, Yauri, Jihar Kebbi.