Sana'a nawa Kwamared ɗinku ya taɓa binnewa?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Tun daren Laraba maganar baƙon nan na shirinku na rediyo ke cina, wanda mai gabatarwa ya yi ta kira Kwamared. Ban so yin rubutu ba don idona ya fara gajiya, amma dariyar da ya yi ta hana ni sakat. Wani bawan Allah ya bugo waya daga Giwa, ya yi tambaya cikin ladabi ko ba zai yiwu gwamnati ta riƙa ba kowane ɗan ƙasa wani ɗan abu duk wata ba, tunda injuna na ta cinye ayyukan mutane. Sai baƙonku ya tuntsire da dariya, wai wannan kiwon cima-zaune ne, matasa su tashi su koyi sana'a, su koyi kwamfuta. Da wannan bakin fa, ko minti biyar ba a yi ba, ya gama shaida mana cewa shi jikan Malam Aminu Kano ne a aƙida.

To, ni na koyi sana'a. A 1976 mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wata maɗaba'a a Sabon Gari. Shekara biyu ina shara da wanke tawada kafin maigida ya yarda in taɓa akwatin baƙaƙe. Na dalma ne, ɗaya-ɗaya ake tsinto su a jera, kuma sai ka iya karanta rubutu a baibai kamar yadda wani ke karanta shi a daidai. Ƙa da ɗa da ɓa masu lanƙwasa ba su da yawa a akwatinmu, in suka ƙare sai mu jira a gama buga shafi, mu wargaza shi mu kwaso su. Katin biki, rasit, kalanda, takardun jarrabawa, duk ta hannunmu suka bi. A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, mai haɗa baƙaƙe mutum ne, ana ba shi mata ba a yi dogon bincike ba. Mu goma sha ɗaya ne a wurin. A 1995 maigida ya sayo kwamfuta biyu ya ɗauki yara biyu, kafin damina ta zagayo an sallami takwas daga cikinmu, har da ni. Akwatunan da na shekara goma sha bakwai ina durƙusa musu, a kan sikeli aka ɗora su aka sayar wa 'yan gwangwan.

Ban zauna ba. Na ci bashi na sayi tsohuwar tafireta, na kafa tebur a gindin bishiya ina buga wa mutane takardar neman aiki da ta rantsuwa da yarjejeniyar cinikin fili. Shagunan kwamfuta suka zo suka kewaye ni, ita ma wannan na binne ta. Uwargidana 'yar Cikin Gari ce, da allura ta tashi kamar sauran matan gidansu. Riga ɗaya mai aikin aska takwas takan ɗauke ta wata biyu, kuma da kuɗin ɗinkin nan muka yi wa 'yarmu ta fari kayan ɗaki. Yau tela zai sa yadi a injin kwamfuta da safe, kafin la'asar aiki ya fito, mai riga kuwa ba ruwansa da hannu ko inji, sauƙi yake nema. Ɗana na uku shi ne ya bi shawarar Kwamared tun kafin Kwamared ya bayar da ita. Ya koyi kwamfuta, yana zana fastoci da katunan gayyata a wani shago a Samaru. Bara ya dawo gida yana ce mini masu kawo aiki sun ragu, kowa ya koma gaya wa wayarsa abin da yake so, wannan ƙirƙirarriyar basirar ta zana masa nan take. Gida ɗaya, sana'a huɗu. Wace ce ta biyar da za mu koya, kuma wa ya yi mana alkawarin ita ba za ta bi sahun 'yan uwanta ba?

Kada a ce tsoho na gaba da inji. Mahaifiyata dakau ta yi, na san kantar da ke tafin hannunta, kuma ranar da injin niƙa ya shigo unguwarmu ban ga macen da ta yi kukan rabuwa da taɓarya ba. Kukan da aka yi na kwabon da ya daina shigowa ne. Aikin mutum goma ya koma hannun mutum biyu, ribar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi, amma aljihu ɗaya take shiga. Tambayar mutumin Giwa ke nan, kuma a da irin wannan tambayar ce abincin 'yan ra'ayin sauyi. Yanzu sun mayar da ita abin dariya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce ai gwamnati ba ta ma san yawanmu ba, ta ina za ta fara rabo. Malam Edita, wataƙila kai ba ka riski zamanin haraji ba. Ni na riske shi. Babu baligin da ke ɓuya, mai unguwa ya san ranar da gemunka ya fara tsirowa, Bafulatani kuma ana bin sa har ruga a ƙirga masa shanu saboda jangali. Ba kwamfuta, ba lambar BVN, ba NIN, da littafi da alƙalami aka san kan kowa. Lokacin karɓa ba a taɓa cewa ba a san yawanmu ba, sai da aka zo maganar bayarwa lissafi ya ɓace. Kuma da gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kaduna da Kano suka soke haraji da jangali a 1979, ba su ce sai wanda ya kawo shaidar talauci ba. Kowa aka sauke wa. Shi ya sa ba wanda ya iya sace wannan alherin a hanya.

Ga kishiyarsa mun gani da idonmu. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, aka ce za a ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata har wata uku. An zo unguwarmu an rubuta sunaye, ni ma na bi layi da sandata. Har yau wayata ba ta yi ƙara ba, amma na san gidan da mutum uku suka samu, kuma kowa ya san wa suka yi wa yawon kamfe. Duk inda aka ce lista, to an buɗe ƙofar wa-ka-sani. Shi ya sa nake cewa a ba kowa, har attajirin, in ya so a karɓe nasa ta hanyar harajin dukiyarsa. Ba kuma tatsuniyar Turawa ba ce kamar yadda Kwamared ya nuna. Jihar Alaska a Amurka tun 1982 take raba wa mazaunanta wani kaso na ribar kuɗin mai duk shekara. Iran da ta janye tallafin makamashi a 2010, kuɗi ta riƙa zuba wa kusan kowane gida duk wata. Tsadar kaya ta zo ta cinye darajar kuɗin daga baya, wannan gaskiya ne, kuma da a nan Kwamared ya tsaya ya yi gardama da na saurare shi da kunne biyu. Bai yi ba. Dariya ya yi.

Na kaɗa wa PRP ƙuri'a a 1979, na yi kuka ranar da majalisa ta tsige Gwamna Balarabe Musa na Kaduna a 1981. Ban yi jami'a ba, amma nakan hau keke har Samaru in tsaya can baya a ɗakin taro in ji marigayi Dakta Bala Usman yana magana, kuma ko ban gane rabin Turancin ba na san da ni ake. Hajiya Gambo Sawaba a nan Sabon Gari muka san ta, ta sha ɗauri ta sha duka ba don a naɗa ta komai ba. Ba na cewa na da mala'iku ne, ai a gabanmu suka raba PRP gida biyu, santsi da taɓo, suka bar mu a tsakiya muna kallon juna. Amma aƙalla sun san farashin tiyar masara. Na yanzu taronsu a otal yake a Abuja, faɗansu a Facebook, kuma duk wanda ka ji ya fi kowa ihu, ka ba shi shekara ɗaya, za ka ji an ba shi mai ba da shawara na musamman ya yi tsit. 'Yan ƙwadago sun yi ta fama har aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, madalla, Allah ya sa albarka. To mu da ba mu da albashin fa? Mai ɗinkin hannu, ɗan acaba, ɗan ga-ruwa, wa ya taɓa shiga yajin aiki saboda su? Ni dai na daina zuwa taronsu, katin zaɓena ma yana cikin aljihun wata tsohuwar riga.

Sannan don Allah ku duba tallar maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri. Ana cikin magana mai muhimmanci sai a katse, mutum ya shiga zayyano cututtukan da ba a faɗa a gaban yara, ga ƙarar ta ninka ta shirin, sai na yi wuf na rage rediyo jikokina na zaune. Daren Larabar nan sau uku aka saka ta, shi kuwa mutumin Giwa aka ce masa lokaci ya ƙure tun bai rufe baki ba.

Ku sake gayyato Kwamared, ku ba ni minti goma da shi. Zan zo da tafiretar, tana nan ƙarƙashin gado.

Naku,
Tsohon mai haɗa baƙaƙe,
Tudun Wada, Zariya.