A koya wa sabbin ɗaliban jami'a lissafin maki tun makon farko

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan abin da ke karya ɗalibanmu na jami'a tun suna aji ɗaya: ana shigar da su karatu ba tare da an zaunar da su an nuna musu yadda ake lissafin CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi a duk kwasa-kwasan da ya ɗauka, ba.

A tsarin da yawancin jami'o'in Najeriya ke bi, wanda ya ci 70 cikin 100 zuwa sama ya sami A, maki 5 ke nan. B maki 4 ne, C 3, D 2, E 1, ƙasa da 40 kuwa F ne, sifili. Ana ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa (lambar da ke nuna nauyin kwas ɗin), a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi rajista. Ɗauki yaro mai yunit 18 da ya ci B a komai: 72 a raba da 18, ya tashi da 4.00. Da zarar ya faɗi kwas guda mai yunit 3, sai ya dawo 3.33, ya zame ƙasa da 3.50 da ake nema don digiri mai daraja ta biyu babba. In kwas biyu ne, 2.67.

Nan ma ba a gama ba. Keri-oba, wato kwas ɗin da aka faɗi, shi ake fara sakawa a rajistar baɗi, alhali ba a yarda a wuce yunit 24 a zango ɗaya ba. Tsohon kwas sai ya ture sabo, ko lokacin lakcarsu ya zo ɗaya, yaro ya rasa wadda zai shiga. Haka ake tara bashi har abokan karatu su tafi bautar ƙasa shi yana maimaita shekara, ga kuɗin rajista da na haya a wuyan iyaye.

Sau da yawa faɗuwar daga tes take farawa. Cikin maki 100 na kwas, 30 ko 40 na tes da ayyukan cikin zango ne. Wanda ya yi sakaci da 30 ɗin nan dole ya ci 40 cikin 70 a jarrabawa kafin ya tsira da E kawai. Shi ya sa za ka shiga ajin lakca ƙarfe uku na dare ka tarar da ɗalibi ya haska handawut da fitilar waya, goro a baki, yana son haddace karatun mako goma sha biyar a kwana uku. Da safe ya shiga jarrabawa kai na sara masa, abin da ya karanta ya tsere. Ba duka laifinsu ba ne: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma matse zangon karatu da aka yi don cike giɓin a kan ɗalibai ya ƙare.

Roƙona ga shugabannin sassa shi ne kowane kodineta, wato malamin da ke kula da aji, ya yi wannan lissafi a allo gaban 'yan aji ɗaya a makon farko. A kuma liƙa sakamakon tes kafin jarrabawa, a saki na zangon baya kafin a rufe rajista, don mai keri-oba ya san abin da zai ɗauka da abin da zai ajiye.

Wassalam.

Wani malamin jami'a, Kano